Yadda mai aiki zai samu lokacin farauta ba tare da gida ya koka ba

Da yawanmu 'yan ƙasar Daura son bindiga ya shige mu ne tun ranar hawan Gani, 'yan bindigar Sarki su saki wuta hayaƙin albarushi ya turnuƙe ƙofar fada, yara na toshe kunne kuma suna ƙara matsowa. Sai aka girma, wani ofis wani shago wani koyarwa, tun safe har dare, bindigar da aka gada tana rataye a ɗaki ta yi tsatsa. Ni dai a ganina fita daji hutu ne na gaske ga mai aiki, amma sai an yanka mashi rana, in ba haka ba ko dai ba za ka taɓa zuwa ba, ko ka je ka bar rigima a gida.

Fara da takarda kafin komai. Dokar makamai ta 1959 ta kasa bindigogi kashi-kashi: irin na soja su AK-47 wannan ba maganarmu ba ce sam, bindigar harsashi mai baki ɗaya ko biyu lasisinta na hannun Sufeto Janar na 'yan sanda, ita kuwa bindigar toka da ake ɗurawa ta baki Kwamishinan 'yan sanda na jiha ke da iko a kanta. Kuma dokar ta hana ba wanda bai kai shekara 17 ba, don haka kar ka ce ai ɗana ne bari ya riƙe. Ka je ka tambaya da kanka mi ake ciki, sannan ka yi rajista da ƙungiyar maharba ta garinku ka karɓi katin shaida. Abin da ya faru a Uromi ta jihar Edo cikin watan Maris na 2025, inda aka kashe mafarauta 16 matafiya bayan an ga bindigogin gargajiya a motarsu, ya isa ya hana mutum yawo da bindiga inda ba a san shi ba.

Wace za ka riƙe? Nan fa ake musu. Tsofaffi ba su haɗa adaka, wato bindigar toka, da komai, kuma ina gane dalilinsu, ita tana koya ma mutum haƙuri tunda harbi ɗaya gare ka, in ka kuskure makwarwa ta tashi shi ke nan kafin ka sake ɗuri ta kai wani gari. Amma raɓa kaɗan ta taɓa albarushin sai ta ƙi tashi, wata ma sai ta yi jinkiri sannan ta tashi, shi ya sa in ta ƙi ba a leƙa bakinta, ka riƙe ta tana kallon inda ba kowa ka jira. Ni mai baki biyu na fi so ga mutumin da Asabar ɗaya kawai gare shi, ka karya ta ka ga cikinta fayau ka san ba komai, ga sauƙin gogewa. Matsalarta tsadar harsashi, wanda kuma ba laifi don yana hana harbin banza.

Sai maganar rana. Farauta ta rani ce, bayan an kwashe amfanin gona an ɗaure dawa da gero, ciyawa ta bushe. Da damina ka bar namun daji su hayayyafa kai ma ka fuskanci gona. Ma'aikaci ya ɗauki Asabar, ba kowace ba, sau biyu a wata ya isa, ɗaya Asabar ɗin ta biki ce da gaisuwa da kai yara gidan kakanni. Ɗan kasuwa da ke cin Mai'adua ranar Lahadi kar ya yi gangancin kwana daji daren Asabar, ya zaɓi ranar da ciniki ya fi sanyi ya bar yaron shago da lissafi a rubuce. Aikin Juma'a kuma a gama shi ranar Juma'a, in ka ɗauko fayil ka taho da shi gida to ka riga ka cinye Asabar ɗinka.

Uwargida ta sani tun ranar Laraba, ba da asuba tana ganinka kana ɗaura takalmi ba. Ka aje kuɗin cefane, ka faɗa mata da wa za ku, wane daji, yaushe za ku dawo, kuma ku dawo ɗin. Ku fita bayan sallar asuba ku juyo kafin la'asar, zomo ko zabon daji ɗaya in Allah ya ba ka, a yi farfesu yara su ci, gobe da kansu za su riƙa tambaya Baba yaushe za ka koma.

Waya kuwa ka tafi da ita da caji saboda tsaro amma ka kashe data. Oga in ya san kana ɗauka a daji to kullum zai kira.

Inda za a je ba abin wasa ba ne a jihar nan. Dajin Rugu da ya ratsa Safana, Batsari da Ɗanmusa ka manta da shi, ba wurin shan iska ba ne. Ko nan wajajen Sandamu, Zango ko Baure kar ka tafi kai kaɗai, ku je ku uku ko huɗu, ku fara gaida mai gari ya san da ku, ku tambayi inda makiyaya suke da shanunsu da inda mata ke itace. Iyakar Nijar na nan kusa, cikin daji ba allo, tsallakawa da bindiga babbar magana ce. Ba a harbin motsin ciyawa sai ka ga abin da idonka, ka yi bisimilla, in ka same shi da rai ka yanka.

Kafin ku hau babur ku dawo kowa ya sauke ɗurinsa a gaban 'yan'uwa. A gida ka goge ta ka shafa mata mai tun kafin magariba, ka kulle ta a akwati, harsashi ko albarushi a wani wuri daban nesa da murhu, makullin kuma a aljihunka ba a saman ƙofa ba inda yara suka daɗe da ganowa.