Idan aure ya mutu, a ƙulla kuɗin ciyar da yara da tiyar hatsi

'Yan'uwa mata, idan za a zauna sulhu bayan saki, kada ki amince a yanka kuɗin ciyar da yara da adadin sefa kawai. Ki nemi a rubuta tiya nawa na gero uban zai riƙa bayarwa duk wata, ko kuɗinsu a farashin ranar, sannan a ware kuɗin makaranta da na magani dabam.

Dalili kuwa shi ne, kuɗin da suka cika buhunki da kaka a kasuwar Dole ta Damagaram ba za su cika shi ba idan damina ta faɗi hatsi ya yi tsada, kuma yaro na girma, cinsa na ƙaruwa, amma adadin da aka yanka yana nan yadda yake shekara da shekaru. Dunƙulallen kuɗi da ake miƙawa sau ɗaya ya fi ruɗi, domin yakan ƙare tun kafin idda ta cika.

Idan hul'i ne, wato ke kika nemi rabuwa da sharaɗin mayar da sadaki, kada ki sayar da keken ɗinkinki ko awakinki don mayar da sadaki; ki roƙi a karɓa kashi-kashi.

A yi komai gaban alƙali da shaidu, ki riƙe takardarki.

Dabarar ƙulla kuɗin da tiya ba ta aiki idan uban ɗan cirani ne da zai tafi Libiya ko Aljeriya. Irin wannan, gara ki karɓi abin da hannu ya riƙe, ko dabba ko fili, tun yana gari.