Yadda za ku sa waya ta tashi yara daga kan kujera

Iyaye 'yan uwana, in kuna da yaro ko yarinya 'yan shekara 11 zuwa 14 a gida kun san abin da nake faɗa, yaron da da sai an bi shi da bulala kafin ya shigo gida da magariba yanzu shi ne kwance a falo tun dawowa daga makaranta, waya a hannu, ko ruwa ka aike shi ya ɗebo sai ya yi tsaki a ciki. Na yi faɗan, na ƙwace wayar, ba abin da ya canja. Da na gaji sai na ce bari in gwada da wayar kanta.

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce yaro daga shekara 5 zuwa 17 yana buƙatar aƙalla minti 60 na motsa jiki kullum, irin wanda zai sa numfashi ya ɗan yi sama, ba tafiyar zuwa shagon bakin layi ba. Kuma binciken da ta fitar a 2019 kan 'yan makaranta masu shekara 11 zuwa 17 a ƙasashe 146 ya nuna kashi 81 cikin 100 ba sa kai wannan awa ɗayan, mata ma sun fi, kashi 85. Ni wannan na matan bai ba ni mamaki ba ko kaɗan, mu da kanmu muke cewa yarinya "ke kin girma, zauna" tana shekara 12, shikenan an gama da 'yar gala-gala da tsallen igiya.

Ku fara da ƙirga taku. Yawancin wayoyin zamani akwai wani ɗan abu a ciki da ke jin girgiza, shi ke gane mutum na tafiya. Mai iPhone manhajar Health na nan tana ƙirgawa tun tuni, mai Samsung akwai Samsung Health, mai Tecno ko Infinix ya shiga Play Store ya sauke manhajar ƙirga taku, ba sai an kunna data ba take aiki. Sati na farko kar ku sa musu wata ƙa'ida, ku bari kawai su ga lambar da idonsu. Nawa yaron da ya ga abin da ya yi ranar Lahadi shiru ya yi, don shi a ganinsa ba ya zama. Sati na biyu sai a ƙara taku 500 ko 1,000 a kan abin da ya saba. Kar ku ɗora masa 10,000 ɗin nan da ake yayi a ranar farko, asalin lambar ma daga tallan wata na'urar ƙirga taku ne a Japan a shekarun 1960, in ya kasa sau biyu zai watsar.

Sai gurup na WhatsApp, nan ne abin ya kama a gidanmu. Na haɗa yaran yayata da na ƙanena da nawa, su bakwai, a lambobin iyayensu saboda WhatsApp ba na 'yan ƙasa da shekara 13 ba ne. Kullum bayan isha'i kowa ya turo sikirinshot ɗin takunsa. Kuskuren da na yi da farko shi ne yaba wanda ya fi kowa yawa, to ai kullum ɗan ƙwallon ne ke ci, yarinyar da ta fi kowa buƙatar abin kwana huɗu ta daina turowa, wallahi abin ya dame ni. Sai na canja, aka koma wanda ya fi ƙara wa kansa a kan na satin jiya shi ne gwani, kuma aka raba su gida biyu ana haɗa jimilla, sai ga manyan suna kiran ƙanana a waya suna cewa tashi ka zagaya tsakar gida kar ka ja mana. Kyautar ba wani abu ba ce, katin 200 ko shi zai zaɓi abin da za a dafa ranar Juma'a. Kuma ku ma ku dinga turo naku, yaro ba zai yi abin da Baba ke umarni daga kan tabarma ba.

Za su yi wayo fa, su zauna suna kaɗa wayar da hannu lamba na hawa. Kar a mai da shi shari'a, a ce kawai duk Asabar akwai fita tare, a ƙafa ko a keke, ko a buga langa a turo ɗan bidiyo.

Yarinyar da ba ta fita kuwa YouTube ya wadatar, ku zaɓi bidiyon motsa jiki na minti 10 zuwa 15 ku kalla da kanku tukun, ku sauke shi lokacin da data ke araha, ta yi a ɗaki da ƙannenta ko da ke Mama. Igiyar tsalle ɗaya ta isa.

Abu ɗaya da ba na wasa da shi, lokeshan, wato abin da ke nuna inda wayar take. Manhajojin gudu irin su Strava suna zana taswirar inda mutum ya bi, a 2018 taswirarsu har sansanonin sojan Amurka ta tona, balle hanyar da ɗanka ke bi zuwa Islamiyya kullum ƙarfe huɗu. Ku kashe lokeshan ɗin, ƙirga taku ba ya buƙata. In wayar yaron ce ta kansa ku sa Family Link na Google, da shi za ku iyakance awannin da zai yi a kai kuma ta kulle da daddare.

Lokacin zafi, Maris zuwa Mayu, mu kan yi namu bayan asuba ko gab da magariba da gorar ruwa a hannu, da azumi kuma mu rage lambar mu mai da tafiyar bayan tarawihi.