Cizon kaska: kurakuran da samarinmu ke maimaitawa

Duk lokacin da babbar sallah ta gabato, raguna suka cika gidajen Aboabo da Asawase, samari sukan bazama bayan garin Kumasi yankan ciyawa, su dawo da kaska a jikinsu. Haka ma masu ɗawainiya da shanu a mayanka. Abin da ya ishe ni shi ne, kuskuren da aka yi bara shi ake yi bana, alhali gyaransa bai kai kuɗin ƙosai ba.

Mafi yawan ɓarna wajen cirewa ake yin ta. Mutum zai ga kaska ta kafe a cinyarsa, sai ya ɗauko kananzir ya ɗiga mata, ko ya shafa man Vaseline, ko ya kunna ashana ya ɗana mata, wai don ta saki da kanta. Bakin kaska yana da ƙayoyi masu kallon baya, kuma tana fitar da wani abu mai danƙo da ke liƙe ta da fata, saboda haka ba ta sakin mutum da sauri. Ƙwayoyin cuta ta yawunta suke shiga jiki, don haka kowane jinkiri ƙarin dama ne a gare su, ga kuma ƙunar da ashana ke bari. Ni matsefata mai siririn baki nake ajiyewa a aljihun rigar aiki. A kama kaskar daga kai, dab da fata, a ja sama a hankali ba tare da murɗawa ko fizga ba, sannan a wanke wurin da hannuwa da ruwa da sabulu. Idan ɗan guntun bakinta ya rage, kada a sa reza ana tono. Fata za ta fitar da shi.

Kuskure na biyu shi ya fi ci mini rai, domin ya kwantar da ɗan ƙanena. Kaska ta cije shi a bayan gwiwa, ya cire, ya manta. Da aka yi kamar mako guda zazzaɓi ya rufe shi, ga ciwon kai, ga kaluluwa a matsematsi, sai aka saya masa maganin zazzaɓin cizon sauro a wani kanti ba tare da gwaji ba. Ya shanye maganin, jiki bai yi sauƙi ba. Sai a asibiti likita ya ɗaga ƙafar wandonsa ya ga baƙin ɓawo mai jan kewaye a daidai wurin cizon, ya rubuta masa doxycycline. Wannan zazzaɓin na cizon kaska ne, wanda kaskar shanu mai zane a baya, Amblyomma, ke yaɗawa, kuma maganin zazzaɓin cizon sauro ba ya taɓa shi. Haba jama'a, yaushe za mu daina ɗora wa sauro kowane zazzaɓi? A rubuta ranar cizon a waya, a riƙa duba wurin har wata guda, kuma in zazzaɓi ya zo, kafin likita ya tambaya a ce masa kaska ta ciji mutum.

Masu murƙushe kaska da farce har jini ya fantsama, musamman mahauta da makiyaya, su ma su ji da kyau. Wani bincike da aka wallafa a 2016 ya gano ƙwayar cutar zazzaɓin Kirimiya da Kwango a jikin kaskar dabbobi a mayankar Kumasi. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce wannan cuta tana kashe kashi 10 zuwa 40 cikin ɗari na waɗanda ta kama, kuma ana ɗaukar ta daga cizo ko daga taɓa jinin dabba mai ita. Zazzaɓi mai zafi 'yan kwanaki bayan cizo, tare da haɓo ko jini a dasashi, ba na zama a gida ba ne. A nufi asibitin Komfo Anokye ko asibiti mafi kusa nan take, kuma kada a sha asfirin. Kaskar da aka cire kuwa, a jefa ta cikin kwalba mai murfi.

Maganin wankan dabbobi guba ne, kada a shafa shi a jikin mutum. A cusa ƙafar wando cikin safa kafin a shiga ciyawa. Da an dawo a yi wanka, a duba hammata, cibiya, matsematsi, bayan kunne da cikin gashi, domin ƙaramar kaska ba ta kai ƙwayar riɗi ba. Yara kuwa iyaye su duba musu da fitila. Tufafin daji ni a waje nake tuɓe su, kuma ba na mayar da su jiki sai an wanke an goge su da zafi.