Darasi: Datsar bugambiliya domin ta yi fure da bazara

Bugambiliya, wadda wasu ke kira furen takarda, ita ce shukar nan mai ƙaya da muke gani tana leƙowa ta kan katangu a unguwannin Birni da Zango na Damagaram. Asalinta daga Kudancin Amurka ne, kuma an sa mata sunan wani matuƙin jirgin ruwa Bafaranshe, Bougainville, wanda ayarinsa ya same ta a Barazil cikin shekarun 1760. Ta dace da Damagaram ƙwarai, domin tana son rana kuma tana jure ƙishirwa, a garin da kowa ya san tsadar ruwa.

Ku tsinko reshe ɗaya ku duba shi da kyau. Abin nan ja ko ruwan hoda mai kama da takarda ganye ne da ya rine, furen kansa kuwa ɗan ƙarami ne fari, yakan fito uku-uku a tsakiya. Duk wannan ado a kan sabon toho yake fitowa, shi ya sa shukar da aka bari ta yi ta miƙa dogayen rassa ba a taɓa ta ba takan koma sarƙaƙiya, furenta kaɗan ne can a sama.

Mai son fure a watan Afrilu da Mayu sai ya yi datsa a ƙarshen sanyi, wajen watan Fabrairu. A fara da cire busassun rassa da waɗanda suka harɗe suna gogar juna, sannan a rage kowane dogon reshe da kamar kashi ɗaya cikin uku. A yanka da almakashi mai kaifi, a karkace, ɗan sama da idon da ganye ke fitowa, domin daga nan ne rassa biyu ko uku za su tsiro. Adda tana farfasa reshe, don haka a bar ta a gefe. A sa safar hannu mai kauri, kuma a kwashe abin da aka yanke nan take, saboda ƙayar tana da tsini, yara kuwa suna yawo ba takalmi.

Wurin ban ruwa ne masu gida da yawa ke kuskure, don suna ganin tausayi ne su shayar da ita safe da yamma. Shukar da ta kafu, idan ta sha ruwa da yawa, ganye take yi ta manta da fure. A ba ta ruwa sosai har ya ratsa ƙasa, sannan a dakata sai an tura yatsa an ji ƙasar ta bushe kafin a sake. Haka kuma takin zamani na uriya ganye yake ƙarawa. Kashin awaki da ya ruɓe sosai, cikin tafi biyu a kewayen gindi, ya wadatar.

Idan furen farko ya zube, a datse kawunan rassan da suka yi shi kamar santimita 5, wani zai biyo baya cikin ƴan makonni. Wadda aka dasa a inuwar dogon yaro kuwa, ko an datse ta ba za ta yi fure sosai ba, domin tana bukatar rana kai tsaye aƙalla awa 6 kullum.