Yadda nake sayen bashin gidaje da ya maƙale a Amurka

A Amurka, idan mai gida ya haura kwana 90 bai biya bashin gidansa ba, banki kan haɗa takardar bashin da wasu ya karyar a sari, wanda ya saya shi zai ci gaba da bin mai gidan bashin. Fannie Mae, kamfanin da ke sayen bashin gidaje a hannun bankuna, shi ma yana yin gwanjonsu, amma na manya ne. Ni a hannun 'yan sari nake tsinta.

Kafin ka biya, binciki harajin gidan, don in aka sayar da gidan, hukuma ake fara sallama kafin kai. Na taɓa sakaci a nan, na ji jiki. Tura mutum ya gano gidan. Duba jiha kuma: a New York sai kotu ta yarda ake ƙwace gida, Texas kuwa galibi ba sai an je kotu ba. Ni dai sasantawa na fi so, a rage wa mutum biyan wata ya zauna a gidansa.