Yadda masu karatu za su riƙa liƙa wa littattafai alama a kundin laburare na intanet

Wannan bayani domin ma'aikacin laburaren da ke amfani da Koha ne, manhajar kyauta ta gudanar da laburare da aka fara a Niyuzilan, ko a Garwa kake ko Marwa ko Njamena.

Da farko shiga da asusun mai kula, ka buɗe sashen saituna, ka nemo TagsEnabled ka kunna, shi ke ba masu karatu damar liƙa alama, wato kalmar da ke nuna abin da littafi ya ƙunsa. Kunna TagsInputOnDetail ma, don akwatin rubuta alama ya fito a shafin kowane littafi.

Na biyu, kunna TagsModeration. Kada ka tsallake wannan. Da shi, alamar da mai karatu ya rubuta ba za ta fito ga jama'a ba sai ka amince. A nan aikin yake, domin masu karatunmu na rubutu da Faransanci da Hausa da Fillanci da Larabci. Wani zai sa "Garoua", wani "Garwa". Wani "kasa", wani "ƙasa", don wayarsa ba ta da ƙ. Zaɓi rubutu ɗaya ga kowace kalma, ka liƙa jerin a bango kusa da kwamfutar. Zagi da talla kuwa, ƙi su kawai.

Na uku, kunna OpacStarRatings, mutane su riƙa ba littafi tauraro 1 zuwa 5.

Sai ka ba kowane mai kati sunan shiga da kalmar sirri, tunda sai an shiga ake liƙa alama. Kafin ka sanar, gwada da wayarka, ka cika wa littattafan tarihi da na noma da aka fi ara alamomi, saboda ba mai son fara rubutu a shafin da babu kowa.