Yadda Ake Gano Dalilin Langaɓewar Ganyen Aguwar Turai da Yadda Ake Gyara Ta

Shukar da masana ke kira Euphorbia amygdaloides, wadda Turawan Ingila ke ce wa wood spurge, 'yar dangin aguwa ce da tinya da nonon kurciya, shi ya sa a nan za mu riƙa ce mata aguwar Turai. Asalinta dazuzzukan Turai ne da Turkiyya da yankin Kaukasus, a ƙarƙashin inuwar bishiyoyi. Ba ta jure zafin Kano ko Maraɗi, don haka wannan bayani na waɗanda ke zaune a Ingila, Jamus, Faransa da makamantansu ne, masu ɗan lambu a bayan gida ko tukunyar fure a baranda. Tsawonta yakan kai santimita 60 zuwa 80, ganyenta ba ya zuba gaba ɗaya ko a hunturu, tana fure kore mai ratsin ruwan ɗorawa daga Afrilu zuwa Yuni.

Da yawa daga cikin waɗanda suka kashe wannan shuka da butar ban ruwa suka kashe ta. Da sun ga ganye ya sunkuya sai su kwarara mata ruwa, gobe su ƙara, alhali ruwan ne ciwon. Saboda haka a ajiye buta tukuna.

Kafin ka taɓa ta, sa safar hannu ta roba. Duk inda aka karya kara ko ganye, farin ruwa mai kama da nono yana fita, irin dai na aguwa, yana ƙona fata, a ido kuwa ya fi muni. In ya shiga ido a wanke da ruwa mai gudana na minti 15 zuwa 20, a je asibiti. Kada yara ko kyanwa su kusanci abin da ka yanke.

Mataki na farko: duba wata da yanayi

Akwai sunkuyawar da ba ciwo ba ce. A ƙarshen hunturu, wajen Fabrairu zuwa Maris, kan kowane kara da zai yi fure yakan lanƙwashe ƙasa kamar kan sandar makiyayi, daga baya ya miƙe furen ya buɗe. Wanda bai sani ba sai ya ɗauka shukar na mutuwa, ya datse kawunan, ya yi asarar furen shekarar duka. Haka kuma daren da sanyi ya sauka ƙasa da digiri 0, da safe za ka ga ganyen ya rataye ya manne da kara kamar jiƙaƙƙen tsumma. Bar shi. Da rana ta ɗaga, sanyin ya saki, zai tashi da kansa. Ba ruwa, ba taki, ba almakashi.

Sannan a san cewa kowane kara shekara biyu yake yi: shekarar farko ya yi ganye, ta biyu ya yi fure, daga nan ya mutu. Idan karan da suka gama fure ne kaɗai suke yaushi a Yuni ko Yuli, sababbin da ke fitowa daga gindi kuma suna tsaye, to tsufa ne kawai. Ganyen ƙasa-ƙasa da ke yin ja ko ruwan ɗorawa yana zuba, ya bar karan tsirara daga ƙasa, shi ma al'adarta ce.

Mataki na biyu: tura yatsa cikin ƙasa

Nan ne aikin yake. Shuka mai ƙishi da shukar da ruwa ya yi wa yawa kamanninsu ɗaya ne daga sama, domin saiwar da ta ruɓe ba ta iya jan ruwa, sai ganye ya yi yaushi ko da gindin yana cikin taɓo. Ido ba zai raba maka su ba, sai hannu. Tura yatsa santimita 5 a gefen gindi, ba saman ƙasar kawai za ka shafa ba, don sama kan bushe ƙasa na jiƙe.

In ka ji ƙasar a bushe, tana warwatsewa kamar gari, ƙishi ne. Ganyen mai ƙishi yakan yi laushi kamar takarda, bakinsa ya soma bushewa, tukunyar kuma ba nauyi in ka ɗaga. Shukar da aka dasa a ƙasa a ba ta ruwa kamar lita 5 a hankali a gindi, da safe ko da yamma. Ta tukunya kuwa, in ƙasar ta bushe har ta janye daga jikin tukunyar, ruwan da ka zuba ta gefe zai bi ya fita, ka zaci ka ba ta alhali ba ta sha ba. Tsoma tukunyar cikin bokitin ruwa na minti 20 zuwa 30, ka cire ka bar ta ta tsane. Idan ƙishi ne kaɗai, kafin wayewar gari za ka ga ganyen ya miƙe.

In kuwa ƙasar a jiƙe take, da sanyi, tana manne wa yatsa, ganye na yaushi kuma yana komawa ruwan ɗorawa daga ƙasa zuwa sama, to maganar ruɓewar saiwa ce. Matsa gindin karan daidai inda ya shiga ƙasa. Mai lafiya da tauri yake. Wanda ya kamu yakan yi baƙi, ya yi taushi, wani lokaci ma ka ɗan ja sai ya ciro a hannunka.

Kada ka tsaya zato, fito da shukar. Kifa tukunyar a tafin hannu, ko ka haƙa da cebur tazarar santimita 20 daga gindi. Karkaɗe ƙasar ka duba. Saiwa mai rai fara ce ko ruwan madara, da ƙarfi. Ruɓaɓɓiya ruwan ƙasa ce ko baƙa, tana wari irin na kwata, in ka murza ɓawonta sai ya saɓule ya bar zare. Goge almakashi da sifirit, ka yanke duk ruɓaɓɓen har ka kai ga fari. Mutane kan ji tausayi a nan su bar rabi, ruɓar kuma ta ci gaba daga inda aka bari. Rage karan sama gwargwadon saiwar da ka cire, don 'yar saiwar da ta saura ba za ta ciyar da ganye mai yawa ba. Zubar da tsohuwar ƙasar, wanke tukunyar, ka haɗa sabuwa: kashi 3 na ƙasar shuka, kashi 1 na ƙananan tsakuwa ko yashi mai kaushi. Dasa ta daidai zurfin da take a da, kada ka binne wuyanta. Ba ta ruwa kaɗan sau ɗaya, ka sa ta a inuwa, kada ka ƙara sai santimita 5 na sama sun bushe. Taki kuwa a manta da shi na aƙalla wata guda.

Idan fiye da kashi biyu cikin uku na saiwar ta tafi, ko gindin kansa ya yi taushi, gaskiya ba ta cancanci wahalar ba. Shuka ce mai arha, kuma dama ba mai dogon rai ba ce. Sayi wata, amma kada ka dasa a rami ɗaya.

Abin da ya jawo ruɓar shi za a gyara, in ba haka ba za a koma gidan jiya. Tukunyar da ba huji a ƙasa, faranti da ruwa ke kwana a ciki, tukunya ƙatuwa ga ƙaramar shuka, ko ƙasar yumɓu da ke riƙe ruwan sama duk hunturu. Ni dai tukunyar yumɓu da aka gasa na fi yarda da ita a kan ta roba, ta fi saurin tsanewa. Zuba tsakuwa a ƙasan tukunya kuma ba ya maye gurbin huji.

Tun da shukar na hannunka, duba ko akwai 'yan fararen tsutsotsi masu lanƙwasa, masu kai ruwan ƙasa, kamar ƙananan gwazarma, tsawon santimita 1. Suna cin saiwa a tukwane daga kaka zuwa bazara. Tsince su, ka canza ƙasar.

Mataki na uku: rana, ƙwari da fumfuna

Idan ƙasa daidai take, saiwa lafiya, sai a dubi wurin. Shukar da ke langaɓewa da azahar ta farfaɗo da magariba rana ce ta yi mata yawa. Mayar da ita inda za ta samu hantsi kawai, inuwa da yamma, ka baza ruɓaɓɓen ganye ko ɓawon itace kaurin santimita 5 kewaye da ita ba tare da ya taɓa kara ba. Wadda aka dasa kwanan nan takan yi sati ɗaya ko biyu tana yaushi, a ba ta ruwa sau ɗaya a mako in ba a yi ruwan sama ba, a ƙyale ta.

Juya kan sababbin tofo. In darɓa ta taru, ganye ya nannaɗe yana danƙo, fesa mata ruwa mai ƙarfi kwana uku a jere. Farin gari a kan ganye fumfuna ce, ta fi kama nau'in Purpurea mai jan ganye, musamman in gindinsa ya bushe iska kuma ba ta ratsawa. Cire ganyen da ya kamu, ka bar tazarar santimita 45 tsakanin shuke-shuke, ruwa a gindi kawai. Wanda ke da busasshiyar inuwa a ƙarƙashin bishiya gara ya nemi nau'in robbiae, ya fi juriya, sai dai yana yaɗuwa ta ƙarƙashin ƙasa har ya cinye wurin maƙwabtansa.

Da fure ya ƙare, yanke tsofaffin karan daga can gindi, ka bar sababbin da za su yi furen baɗi. Wanke almakashin da sabulu kafin nonon ya bushe a jikinsa.